Kunnuwan Duna

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, ana irin zafin nan na Gure da ke sa ko awaki su gaji da kuka. An tashe mu cin abincin rana, na dawo gida ina zaune a inuwar rumfa ina shan fura, sai ƙanena Mamman, wanda lokacin rarrafe yake yi, ya tsandara wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Inna ta yar da muciya ta sure shi. Ta duba ƙafa, ta duba ciki, ta ce ko kunama ce, ba ta ga komai ba. Ta ba shi nono ya ƙi, sai cusa ɗan yatsa yake a kunnen hagu yana banƙarewa. Kaka, mahaifiyar Babanmu, ita ta karɓe shi ta fito da shi tsakar gida, ta juya kunnen wajen rana, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ce, "Kaska ce." Ta sa aka ɗumama man gyaɗa a cokali, ta ɗiga masa, muka tsaya cirko-cirko yana ta ihu, har ta samu ta zaƙulo abar da tsinken tsintsiya. Ta sha jini ta yi fam, kamar ƙwayar wake da aka jiƙa. Daga nan Kaka ta bi bangon zaure da kallo, mu ma muka bi, sai ga su nan 'yan jajaye, suna fitowa daga tsagar bango suna hawa, daidai inda karenmu yake kwanciya.

Duna ake ce wa karen, saboda baƙi ne wuluk, sai ɗan fari a ƙirji. Wani makiyayi daga wajen Alakos ne ya kawo wa Baba shi tun yana ɗan kwikwiyo. Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwar, daga garkar awakinmu sai tudun rairayi, kuma kafin zuwan Duna babu shekarar da dila ba ya ɗauke mana 'ya'yan awaki. Da ya girma aka daina. Amma duk da haka iyakarsa zaure da garka, ƙwaryarsa daban, kuma daga nesa ake zuba masa abinci. Baba tela ne a kasuwa, mutum mai tsantseni da tufafinsa, shi yake kiran salla a masallacin unguwa in ladan ba ya nan. Da ya dawo sallar azahar a ranar ya tarar da gida a hargitse, aka nuna masa kaskar a kan ganye, aka nuna masa bangon. Bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Ko dai kaska ta bar gidan nan, ko kare ya bar shi. In na sake ganin ɗaya a ɗaki, ranar kasuwar Gidigir zan ba da shi ga duk mai so." Kowa ya san Baba ba ya magana biyu.

To, wa zai cire wa kare kaska? A nan maganar ta tsaya. A gidanmu, da ma duk unguwarmu, babba mai salla ba ya taɓa kare. Ko jelarsa ce ta gogi zane sai an wanke. Baba ba zai taɓa ba, Inna ba za ta taɓa ba, yayuna biyu maza sun yi girma, ɗaya ma yana Damagaram wajen karatu. Sai Inna ta waiwayo ta dube ni, ina riƙe da ludayin fura, ta ce, "Ga Bintu nan, salla ba ta hau kanta ba tukuna." Shi ke nan fa. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban san ana iya ƙi ba. Haka aikin ya faɗo kaina, don kawai ni ce ƙarama da ta isa aike ba ta isa salla ba.

Wayyo, aikin nan! Wanda bai yi ba, zai ce wasa ne. Kullum bayan la'asar, in rana ta ɗan yi sanyi, sai in ɗauki gwangwanin tumatir da ɗan kananzir a ciki, da kaskon garwashi, da toka a tsumma, in tafi gindin bedin ƙofar gida, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, in kira shi. Da fari sai da aka ɗaure shi, yana gurnani yana nuna mini haƙora, ni kuma ina kuka ina yi. Daga baya ya gane, shi da kansa yake zuwa ya miƙe ya ɗora mini kai a cinya. Daga kunne ake farawa, don nan ne babban gidansu. Sai ka naɗe kunnen baya ka ga sun jeru a lungu, manya masu launin toka da ƙananan da ke maƙale a jikinsu. Ba a fizgewa, Kaka ta koya mini, in ka fizge kan yana zama a ciki ya yi ƙurji. Sai ka shafa toka a yatsa don kada ta zame, ka kama ta daf da fata, ka ja a hankali har ta saki. Manyan in jefa a garwashi su fashe, ƙananan in tsoma a kananzir. Kaji kuwa sun san lokacin, suna kewaye da mu suna jiran wadda za ta faɗi. In an gama kunne sai wuya, sai hammata, sai tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai gindin jela, inda na fi tsana. Ranar da babu lakwal kuma a dafa ganyen bedi a tsohuwar tukunya, in ya huce in wanke shi da ruwan, ɗacin ya kama mini hannu har dare. Sannan in share makwancinsa, in ƙona shara, in kwaɓa laka in liƙe duk tsagar da na gani a bango. Washegari in dawo in tarar da kunnen ya sake cika, kamar ban taɓa ba.

In na gama ba na shiga gida kai tsaye. Inna na tsaye a bakin zaure da buta, tana zuba mini ruwa daga sama, in wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa, in tuɓe tsohon zanen da aka ware don aikin in rataye a danga. Duk da haka sunan ya bi ni. A lakwal 'yan ajinmu "Bintun kare" suke ce mini. In an zo carafke sai wata ta kwashe duwatsunta ta ce kada in taɓa. In an kama hannu za a yi da'ira a filin wasa, ta gefena sai ta ja bakin gyale ta rufe tafinta sannan ta miƙo mini. Har mushe, malamin ajinmu, wata rana ya ɗaga littafina da yatsa biyu ya ce kananzir yake ji. Lokacin da 'yan mata ke taruwa a dandali suna gaɗa, ko su tafi kwari tsintar dabinon da ya faɗo, ni ina gindin bedi, kaina cikin kunnen kare, ina jin tafinsu daga nesa. Ba zan ɓoye ba, na gaji. Na gaji da wari, na gaji da ƙaiƙayin da ke bin jikina ko babu komai, na gaji da ƙuda, na gaji da shi kansa Duna da yake kaɗa mini jela kamar abin arziki nake kawo masa. Sau da yawa nakan dungure masa kai in ce, kai dai ka cuce ni. Shi kuwa sai ya lumshe ido ya gyara kwanciya.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne magen Kaka. Wata tsohuwar mage ce mai ruwan toka, mai raini, aikinta tsaron buhunan gero daga ɓera, amma rabin yininta barci take a kan buzun sallar Kaka. Ita ma kaska na kama ta, musamman a wuya da gefen ido, in ta yi yawo a garka. Sai dai ita mage ba a ƙyamarta. Kaka za ta ɗora ta a cinya bayan sallar walaha, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben gashi, in ta ji ƙullutu ta cire ta miƙa wa kaza, ba tare da ta katse tasbihi ba. Babu buta, babu ƙasa, babu zane na musamman. Na taɓa tambayarta me ya sa, alhali kaskar iri ɗaya ce. Ta yi dariya ta ce mini da Barbarci in rufe baki, sannan ta koma Hausa ta ce, "A rugar da na tashi, maza na shafa karnukansu su tashi su yi salla, ba wanda ya ce uffan. Amma nan gari ne, kuma gidan ubanki ne." Ban gane ba a lokacin, na dai ga ita da magenta sun huta, ni da karena muna wahala.

Haka muka yi ta yi, bazara ta tafi wata ta zo. Da sanyi kaskar takan ja baya in ɗan sarara, amma da zafi ya fara sai ta dawo, kuma farkon damina ya fi kowane lokaci muni, lokacin da ciyawa ta tsiro awaki na shigowa da ita a jiki. A bakans, babban hutun lakwal, mukan tafi gonarmu ta hanyar Gamu a amalanke, Duna na bin inuwarta a ƙasa. Ana noma, ana korar tsuntsaye, ana dafa wake a bukka, amma ni da gwangwanina ba ma rabuwa, don a gona ma ya fi kwasowa. Baba bai sake ganin kaska a ɗaki ba. Bai taɓa ce mini sannu ba, sai dai na lura in ya yanka akuya yakan ware ƙashi mai nama ya jefa wa Duna, kuma in baƙi sun zo yakan ce karen nan ya fi wasu mutane amana. Ni dai addu'ata ɗaya ce, Allah Ya kawo ranar da zan girma a sauke mini wannan kaya.

Ranar kuwa ta zo, a farkon wata bazara, ina ajin ƙarshe. Inna ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi mini bayanin da uwa ke yi wa 'yarta, ta ba ni sabon hijabi da buta tawa ta kaina. Da za mu fito ta ƙara da cewa, "Daga yau babu ke babu kare. Kin zama mace, ba za a riƙa nuna ki a gari ana cewa ga ta kare ba." Wallahi daɗi na ji. Na fita na ɗauki tsohon zanen nan daga danga na cusa shi a murhu da hannuna. Da yamma na yi wanka na shafa mai, na tafi dandali, aka kama hannuna babu gyale a tsakani.

Amma shi Duna ba wanda ya yi masa bayani. Bayan la'asar ya zo gindin bedi ya miƙe kamar kullum, ya jira. Da na fito zan wuce ya taso ya nufo ni, Inna ta daka masa tsawa daga zaure, ya tsaya yana kallona, kai a karkace. Washegari ma haka, da wanda ya biyo. Ina wucewa ta gefe, na tattare hijabi, shi kuma yana bina da ido yana kaɗa kunnuwa. Aka ce Mamman ya karɓi aikin, tunda ya fara wayo, sai Inna ta ce ɗanta da kaska ta taɓa shiga kunnensa ba zai je kusa ba, shi ma da ya ga karen sai ya ruga. Aka kira wani yaron maƙwabta, yana kai hannu Duna ya yi masa wani gurnani, yaron ya zubar da kananzir ya gudu bai sake dawowa ba. Kaka ta ce a bar ni in ci gaba, in wanke hannu kamar da, Inna ta ce sam. Na ci gaba da abin da aka yarda in yi, ina share makwancinsa, ina liƙe bango, ina watsa masa ruwan bedi daga nesa da ƙwarya. Sai dai kaska ba ta jin watsi, yatsa take so. Kafin ruwan farko ya sauka kunnuwansa sun yi nauyi sun rataya, har daga nesa kana hango su cunkus. Yana tafiya yana girgiza kai, yana goga jiki a danga har fata ta sale. Ya rage ci, ya rage haushi, haƙarƙarinsa suka fito. Daɗin da na ji bai daɗe ba, ya koma wani abu mai nauyi da nake kwana da shi in tashi da shi.

Sai wata safiya Baba ya ɗaga tabarmar sallarsa ya ga kaska biyu a ƙasa. Duk muka zuba masa ido, muna jiran maganar kasuwar Gidigir. Bai yi ta ba. Ya daɗe tsaye da tabarmar a hannu, sannan ya sa takalmi ya fita. Da hantsi ya dawo da wata 'yar kwalba daga wajen masu sayar da maganin dabbobi a kasuwa, irin wanda makiyaya ke wanke shanu da shi. Ya ce mai maganin ya ce a zuba kaɗan a ruwa mai yawa, a jiƙa tsumma a goge dabba da shi. To ga magani, amma gogewa sai da hannu, kuma hannun ne babu. Baba da yayana suka yi shawara a zaure, suka ga tunda ba za a goga ba, gara a yi shi da ƙarfi yadda zai ratsa gashi da kansa. Suka zuba kwalbar kusan duka a ɗan ruwa, ya yi fari kamar nono, warinsa ya cika gida. Suka ɗaure ludayi a bakin doguwar gora, suka ɗaure Duna a gindin bedi, Baba ya tsaya daga nesa yana kamfata yana kwarara masa a kai, a kunne, a gadon baya. Da niyyar alheri ya yi, wannan na shaida. Har murmushi yake da ya ga kaskar ta fara zubowa ƙasa. Duna kuwa ya yi abin da kowane kare ke yi in ya jiƙe, ya juya ya hau lasar jikinsa.

Aka kwance shi, kafin azahar ya fara dalala. Ya tashi zai tafi garka ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi, ya sake tashi, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin amalanke. Jikinsa na rawa ko'ina. Kaka ta fito da nono a ƙwarya ta tura masa da sanda, bai ko kalla ba. Aka yi ta watsa masa ruwa daga bido, jarkar da muke ɗebo ruwa, har wurin ya zama taɓo. Ni ina durƙushe a gefen amalanken, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba, Inna na riƙe da wuyan hannuna gam, ita ma hawaye take. Ya ɗago kai ya miƙo shi wajena, yadda yake yi in zai ɗora a cinyata, ya ajiye a kan taɓo. Na kira sunansa, jelar ta ɗan motsa. Ana gab da kiran la'asar ya daina numfashi, saura kaɗan lokacin da muka saba zama ya yi.

A garinmu in kare ya mutu, igiya ake zarga masa a ƙafa a ja shi bayan gari. Baba ya shiga garka ya ɗauko igiya. Farar rigarsa ce a jikinsa, ya riga ya yi alwala. Ya zo ya tsaya a kan Duna, igiyar na lilo a hannunsa, ya yi ta tsayuwa har ladan ya fara kira. Sai na ga ya saki igiyar ƙasa, ya durƙusa a cikin taɓon, ya zura hannu biyu ya ciro shi, ya rungume shi a ƙirji. Inna ta ce, "Malam, rigarka!" Bai waiwaye ta ba. Ya ɗan jijjiga shi a hannu, kamar mai auna nauyin kaya, ya ce a hankali, "Ashe haka ya rame." Ya bi ta gaban masallaci mutane na kallo, ya hau tudun rairayi da shi, yayana na biye da shebur. Ranar Baba bai samu jam'i ba. Da ya dawo ni na zuba masa ruwa daga buta a bakin zaure, ya wanke hannu, na farko da ƙasa. Bai sake ajiye kare ba har ya bar duniya, kuma a daminar nan dila ya dawo.

Yanzu ina da gidana a cikin gari, unguwar da muka tashi ma ta cika da gine-gine, tudun ya matsa baya. Likitan dabbobi na da maganin da ake ɗiga wa kare a ƙeya, da wani abin wuya da ake sa masa, ya ce kada a kuskura a yi wa kare ko mage amfani da na shanu. Wannan kam na riga shi sani. 'Ya'yana sun sha roƙona in bar su su ajiye kare, ina ce musu ba ni da ƙarfin wannan wahala, kuma gaskiya na faɗa, aikin gida da na yara ya ishe ni. Mage dai muna da ita. In zafi ya yi, bayan la'asar, nakan ɗora ta a cinya ina laluben wuyanta, 'yata ƙarama na riƙe mini da gwangwani. Yatsuna ba su manta ba, har yau ba na barin kan kaska a cikin fata. Wani lokaci sai in ga na naɗe kunnenta baya ina neman lungun da babu, don kunnen mage ƙarami ne. Na daɗe ina roƙon a raba ni da kunnuwan nan na Duna, yau ga shi su hannuna ke nema.